GARGAƊI: mai sayar da kayan tsofaffin babura ya cinye min N185,000

Jama'a, duk mai gyaran tsohon babur a Kaduna, Honda ne ko Vespa ko Yamaha, ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa ko kwabo. N185,000 wani mutum ya karɓe a hannuna da sunan zai aiko min da kaya daga Nnewi. Ba tanki, ba salansa, ba ko wosha ɗaya. N185,000. Kuma tun yanzu ina roƙo, wanda ya san zai zo ya rubuta min "ai kai ma ka yi sake" ya riƙe abarsa. Na ji ta a gida, na ji ta a majalisa, ta ishe ni.

Babur ɗin na marigayi mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa. Honda CD 175, mai silinda biyu, giya huɗu, kafireta ɗaya. Ya saye shi sabo fil da kuɗin Udoji, ƙarin albashin da gwamnati ta yi wa ma'aikata, a 1975, lokacin yana aikin reluwe. Tun da ƙafa ta hana shi hawa aka jingine shi a shagon ƙofar gida, aka yi ta jibga masa buhuna da tsofaffin tabarmi. Bayan rabon gado babu wanda ya kalle shi, Yaya ma cewa ya yi a kira 'yan gwangwan su auna. Ni na hana. Na jawo shi tsakar gida a nan Tudun Wada, na shimfiɗa kwali, na fara kwancewa da kaina da yamma in na taso daga aiki, ranar Asabar kuma wani dattijon bakanike da ya yi zamani da irin waɗannan injina yakan zo ya duba min. Niyyata in bar inji yadda Honda suka yi shi, in sauya fenti daga baƙi zuwa kore mai duhu, a ɗinka min sabuwar kujera ta fata, sannan in mayar da wutarsa daga 6 volt zuwa 12, don fitilar asali da daddare ko ramin gabanka ba ta nuna maka.

Tanki ne ya tsayar da aikin. Da na buɗe murfin, tsohon fetur ya daskare a ƙasa ya zama wani jan danƙo mai wari. Na zuba kananzir da tsofaffin notina na yi ta jijjigawa, tsatsa ta yi ta zubowa, ina murna. Da ya bushe na ɗaga shi saitin rana, sai ga haske yana shigowa ta ƙasansa kamar rariya. Ruwa ne ya kwanta a ciki shekara da shekaru ya cinye ƙarfen. Mai walda ya taɓa da ɗan yatsa wurin ya burma, ya ce Alhaji wannan babu abin da wuta za ta kama. Salansa biyun ma ta ƙasa suka ruɓe. Na zaga kasuwar Panteka, tsohuwa da sabuwa. Mutanen nan babu abin da ba za su ƙera maka ba, amma tankin CD 175 mai farin ƙarfe a gefe da robar gwiwa ba abin ƙerawa ba ne, in dai asalin kamanninsa kake so. Shagunan kayan babur kuwa Bajaj ne da Jincheng da dangin CG 125 suka cika su. An daina ƙera CD 175 tun 1979, yaran shago ma ba su san shi ba, wani ce min ya yi ko janareta ne.

To a nan mutumin ya shigo. Na ɗora hoton babur ɗin a wani zauren masu son tsofaffin babura a Facebook, ya yi magana a ƙasa, muka koma WhatsApp. Bahaushe ne, ko in ce yana jin Hausa irin tamu ta Kaduna, ba gargada. Ya ce a Rigasa ya tashi, ya yi koyon aiki a Panteka, kasuwanci ya kai shi Nnewi, yana haɗa kayan Beljiyom yana turo wa Arewa. Kowa ya san Nnewi ce cibiyar kayan babur a ƙasar nan, wannan ba ƙarya ba ce. Ya kira min sunayen layuka a Tudun Wada, ya tambaye ni ko har yanzu ana cunkoso a Kasuwar Barci ranar jajiberin salla. Ku gaya min, wane ne zai ji wannan ya ce ba ɗan gida ba ne?

Amma ba wannan ne ya sa na yarda ba. Ku saurara da kyau, don nan ne wurin da nake ta komawa, ko barci zan yi sai ya dawo min. Ni na fara tambayarsa kafireta. Ya ce yana da ita, N45,000, ya turo hoto. Na ce to in turo? Sai ya yi min saƙon murya, yana nan a wayata har yanzu, ya ce: "Ranka ya daɗe, kada ka ɓata kuɗinka. Kafiretar wannan injin ba ta mutuwa haka nan. Jet ne ya toshe, ɗan ramin da fetur ke bi. A kwance ta, a jiƙa a fetur ta kwana, a hura da iska, kada a soka mata waya a rami. In ba ta yi ba ka dawo." Mutum yana da kaya a hannu, ina miƙa masa N45,000, ya ce in riƙe kuɗina. Kuma muka yi yadda ya ce, Baba bakanike ya goge kwantak, abin da ke sakin wuta zuwa filogi, ya sa sabon filogi, muka rataya robar ruwa da fetur a madadin tanki, aka buga kik, inji ya yi tari ya tashi. Babur ɗin da ya fi shekara ashirin bai yi magana ba. Hajiyarmu ta fito daga ɗaki ta tsaya tana kallo. A wannan daren na ce a raina wannan mutumin kirki ne. Ɓarawo ne zai ƙi N45,000? Wanda ya ce shi da ya gane a nan, wallahi ƙarya yake.

"Kada ka ɓata kuɗinka." Haka fa ya ce.

Sai maganar tanki da salansa. N70,000 tanki, N50,000 salansa biyu, N120,000 ke nan. A'a, bari, kafin wannan ma sai da na gwada shi. Da gangan na ce masa ina son kafireta biyu, ya ce wannan ai CB 175 ce mai biyu, taka CD ce, ɗaya gare ta. Na tambaye shi batun mayar da wuta 12, ya lissafo min batir, koyil, ƙwan fitila, oda, da abin da ke daidaita caji, ya ce in ban sauya su tare ba zan yi ta ƙona ƙwai. Na karanta wa Baba saƙon, ya gyaɗa kai ya ce yaron nan ya san aiki. Dattijon da ya kwance irin injin nan tun ina goye. Ba ni kaɗai na ji shi na gamsu ba.

Kuma ban tura kuɗi a kan hoto ba, wannan ma a sani. Na ce ya yi min bidiyo, ya rubuta sunana a takarda ya ɗora a kan tankin. Ya yi. Ga tanki ja, farin ƙarfen gefe yana ƙyalli, robar gwiwa ta ɗan tsage a kusurwa ɗaya, har ya sa yatsa ya nuna min tsagewar ya ce ba zai ɓoye min aibi ba, ya rage N5,000 saboda ita, don da N75,000 ya ce. Ya haska cikinsa da fitilar waya, fes. Ana jin hayaniyar kasuwa a bayansa, ana Inyamuranci. Me ya rage in yi? In hau mota in tafi jihar Anambra saboda tanki? Kuɗin motar zuwa da dawowa da kwana ai ya kusa kuɗin kayan.

Sunan da ke kan asusun ba nasa ba ne, na gani, ba wai ban gani ba. Na tambaya. Ya ce na mai shagon da yake zaune ne, nasa asusun yana da iyakar abin da zai iya karɓa. Wannan kuma kullum muna yi a kasuwa, ka sayi kaya a ce tura wa yarona, tura wa mai POS. Na tura N120,000.

N40,000 ɗin na fistin da ringi ne da gasket da sabon kwantak. Wannan kafin ya ce ya ɗora kaya ne, ko bayan ya turo hoton kwalin, na rikice, zan duba ranakun a cikin hirar. Abin da na tabbata shi ne Baba ya ce silinda ta ci, sai an rebora, wato a ɗan faɗaɗa raminta, a nemo fistin 0.50, wanda ya ɗan fi na asali girma. Na gaya wa mutumin, ya ce an yi sa'a akwai saiti ɗaya, a haɗa a kwali guda don kada in biya kuɗin mota sau biyu. Kun ji fa, wai tausayin aljihuna yake ji. N120,000 da N40,000, N160,000.

Ya turo hoton kwali an naɗe da salatif, an rubuta sunana da lambata da KADUNA da manyan baƙaƙe, da wata takardar webil wadda rabin rubutunta bai fito ba. Ya ce mota za ta sauke a Mando. Washegari da yamma wani ya kira, wai direba, da Turancin buroka, ya ce an tsare su a wajen Lokoja saboda kayan Beljiyom, kowane mai kaya zai kawo N25,000 ko a sauke nasa a bar shi a nan. Na kira mutumina, ya ɗauka nan take, ransa a ɓace, yana ta salati, ya ce in tura, shi zai mayar min da rabi don bai kamata in ɗauki asarar ni kaɗai ba. Ina da N160,000 a cikin kwali a bakin titi a Lokoja, ana ce min za a jefar. Kai da kake karantawa, me za ka yi? Na tura N25,000, a wani asusun daban kuma.

N120,000. N40,000. N25,000. N185,000.

Na je Mando na tsaya tun safe. Direba ya ce sun wuce Abuja. Can ya ce ai ba Mando ba ne, garejin Television za su tsaya. Na tsallaka gari na tafi can, na bi motoci ɗaya bayan ɗaya da hoton webil a waya. Wani ɗan kamasho ya karɓi wayar ya ƙura ido, ya kira abokinsa, suka kalli juna, ya ce Alhaji wannan takardar ba ta kowace mota ba ce a nan, ba lambar mota, ba tambari. Ya faɗa da tausayi, wannan ya fi min ciwo a kan da dariya ya yi. Lambar direba a kashe. Mutumina ya ɗauka sau ɗaya ya ce yana masallaci zai kira. Daga nan hoton kansa ya ɓace a WhatsApp, saƙo ya koma alama ɗaya. Shafinsa na Facebook ma babu.

Na manta ban faɗa ba, tun kafin maganar kwali ya taɓa kirana da kansa ranar Juma'a, ba ciniki, wai kawai ya gaishe da Hajiya ya ji ya jikinta, don na taɓa ce masa ba ta da lafiya. Ya yi mata addu'a. Mutumin da ya riga ya san abin da zai yi min.

Kuɗin nan ba tsintarsu na yi ba. Adashi na ɗauka, na cika da abin da na ware na gyaran rufin ɗaki kafin damina. Maman yara ba ta ce komai ba, kallon babur ɗin kawai take yi in za ta wuce da tsintsiya. Yaya kuwa ya samu abin faɗa, wai da an ba 'yan gwangwan da yanzu an ci riba. Na je banki, sun karɓi ƙorafi, sun ce an riga an kwashe kuɗin daga asusun farko a ranar da suka shiga, sai in kawo takardar 'yan sanda. Na kai rahoto, ana kan bi.

Bayan na yi magana a zauren, mutum biyu sun same ni ta gefe. Ɗaya daga Zariya, shi kayan Vespa aka yi masa alkawari, ɗaya daga Kano. Suna daban, lamba daban, amma muryar ɗaya ce, na saurari nasu saƙon. Kuma na Zariyan ma sai da ya fara hana shi sayen wani abu, ya ba shi shawarar da ta yi aiki. Ashe salon ke nan. Na Kanon ya turo min bidiyon da aka yi masa: tankin nan ne dai ja, robar gwiwa a tsage a kusurwa, yatsan nan yana nunawa, takardar ce kawai aka sauya suna. Tanki ɗaya yake ta sayarwa. Ko nasa ne, ko shagon wani yake shiga ya ɗauki bidiyo ya fita, shi ta shafa, amma tankin da na biya N70,000 yana can ana nuna wa wani yanzu haka.

Hotunan hirarmu duka suna nan, da rasit ukun, da bidiyon, da saƙon muryar kafireta. Zan ɗora su da daddare in na rufe lambata da sunan Hajiya. Lambobin asusun an ce in dakata da su tukuna saboda bincike, da zarar an ba ni dama za ku gan su.

Kada ku tura kuɗi sai kaya na hannunku ko hannun wani naku da ya taɓa su. Bidiyo da sunanka a takarda ba hujja ba ce. Direba ya kira ya ce a ƙaro kuɗi a hanya, kashe wayarka.

Shi kuma mutumin na san yana cikin zauren nan da wani sunan, yana karantawa. Ban yafe ba. N185,000 ɗina, da gaisuwar da ka yi wa mahaifiyata, duka ban yafe ba. Wanda kuma yake da tankin CD 175 a Kaduna, ko mai lotsawa ne in dai bai huje ba, ya kawo shi Tudun Wada in haska cikinsa da fitilata, in biya a tsaye.