Iskar Kabon ta Gorar Lemo: Abin da Na Gani Bayan Wata Takwas a Tankin Kifina

Tankin kifina ba babba ba ne, lita 60 yake ci, yana kusurwar falo a gidanmu da ke Kano. Shekara guda na yi ina dasa tsirrai a cikinsa suna ƙin tafiya. Anubias dai yana nan daram, don shi ɗan gida ne, asalinsa daga rafukan dazuzzukan yankinmu na Afirka ne, har da kudancin Najeriya da Kamaru, kuma ba shi da yawan buƙata. Amma Rotala sai ya miƙe ya zubar da ganyen ƙasa. Monte Carlo kuwa, da nake burin ya shimfiɗu a ƙasan tankin kamar darduma, ko kama ƙasa bai yi ba gansakuka ta lulluɓe shi. Na ƙara fitila, abin ya ƙara dagulewa.

Daga baya na gane inda gizo ke saƙar. Tsiro da haske yake dafa abincinsa, amma iskar kabon ce tsabar da yake dafawa. Ruwan tanki da aka bari haka nan bai cika wuce miligiram 2 zuwa 3 na wannan iska a kowace lita ba, su kuwa tsirrai masu son gata sun fi walwala idan ta kai 20 zuwa 30. In ka ƙara haske ba ka ƙara kabon ba, gansakuka ka yi wa hidima. Tukunyar gas ɗin kabon ta ainihi, haɗe da na'urarta ta daidaita iska, ta fi ƙarfin aljihuna, sai na bi hanyar masu ƙaramin ƙarfi.

Da yis na fara, don idan yana cin sukari iskar kabon yake fitarwa. Gorar lemo mai lita 2, sukari kofi biyu, yis rabin ƙaramin cokali, ruwa mai ɗumi. Na huda murfin, na zura siririn tiyo, na liƙe da gam, ɗaya bakin tiyon kuma na sa shi cikin tankin. Kafin la'asar ƙwayoyin iska sun fara fita. Ba zan ɓoye ba, yis yana aiki. Cikin mako biyu kan Rotala ya yi ja-ja, da yamma kuma na fara ganin ƙananan ƙwayoyin iska suna maƙale a ƙarƙashin ganye suna tashi ɗaya bayan ɗaya. Ranar da na fara ganin haka na fi rabin awa a durƙushe gaban gilashin.

Matsalar yis ita ce ba ya jin magana. Rayayyen abu ne, yanayi yake bi. Da sanyin hunturu sai ya yi lakwas, da asuba ƙwaya ɗaya sai ka gaji da jira. Da zafin Afrilu ya shigo kuwa, haɗin da ke yi mini mako uku ya koma ƙarewa cikin kwana goma, kwanakin farko yana aman iska kamar zai fasa gorar. Ba kuma halin rufe shi, don in ka toshe tiyon gorar ce za ta kumbura. Ga shi da dare tsirrai ba sa shan kabon, su ma iskar numfashi suke ja kamar kifin.

Wani dare aka ɗauke wuta wajen ƙarfe ɗaya. Matatar ruwa ta tsaya, saman ruwan ya kwanta shiru, gorar yis kuwa tana ta aikinta. Ruwan zafi dama bai riƙe iskar numfashi da yawa. Da na fito sallar asuba na haska tankin, sai na ga kifayen gupi duk sun taru a sama, bakinsu a buɗe suna haki. Na zare tiyon, na kwashe rabin ruwan na zuba sabo, na yi ta ɗiba da kofi ina kwararawa daga sama don iska ta shiga. Biyu ba su tashi ba. Har yau abin yana ci mini rai, domin ni na ajiye su, haƙƙinsu yana wuyana.

Akwai kuma abin da ban yi tunaninsa ba tun farko. Yis idan ya cinye sukari, rabi ya tafi a iska, saura ya zama barasa. Ranar wanke gora duk tsakar gida sai ya ɗauki warin. Uwargida ta tsaya a ƙofar kicin ta ce, "Maigida, wannan abin dai ba na son sa a gidan nan, ga yara suna gani." Ta fi ni gaskiya. A ranar na zubar da shi.

Daga nan na yi odar wani ɗan kayan samar da iskar kabon da ake haɗa sitirik asid da bekin soda a cikinsa. Murafu biyu ne da ake ɗaura wa gorar lemo biyu, tiyo ya haɗa su, da agogon auna ƙarfin iska da ɗan bawul na daidaitawa. A gora ta farko ana narkar da asid giram 200 a ruwa mililita 600, a ta biyu soda giram 200 da ruwa mililita 200. Ka matsa gorar asid kaɗan ya gangara kan sodar, ta yi kumfa, allurar agogo ta hau. Daga nan shi ke tafiyar da kansa: duk lokacin da iska ta ragu a gorar soda, sai ɗan asid ya sake tsallakawa. Soda giram 200 tana ba da iskar kabon kusan giram 105, kuma a tankina, da ƙwaya ɗaya duk daƙiƙa biyu na tsawon awa bakwai, tana kai ni kusan wata guda. Asid ɗin wajen masu sayar da kayan haɗa lemo da sabulu nake saye, sodar kuma wajen masu kayan kek. A kula, soda zalla ake so, ba hodar kek ba. Gorar ma sai ta lemo mai gas, ta ruwan sha ba ta jure matsi.

Abin da ya sa na ce kuɗina bai tafi a banza ba guda ɗaya ne: ana iya kashe shi. Babu wari, babu ruwansa da hunturu ko bazara. Da na ƙara masa ɗan bawul na lantarki, wanda ke rufe kansa da zarar ba wuta, sai hankalina ya kwanta. Yanzu in an ɗauke wuta, fitila da matata da iskar kabon tare suke tsayawa. Ga mai zama inda wuta ke zuwa tana tafiya, wannan bawul ɗin ya fi duk sauran kayan muhimmanci, kuma ban ga dalilin da zai sa a riƙa sayar da shi daban ba.

Yana da nasa aibin. Bawul ɗin daidaitawa ba shi da inganci, ka taɓa shi kaɗan ya yi yawa, ka mayar ya ɗauke gaba ɗaya. Na yi kusan mako ina lallaɓa shi. Robar cikin murfi ɗaya ta zo tana yoyo, haɗin farko ya ƙare cikin kwana biyar ban san dalili ba, sai da na shafa ruwan sabulu a bakin gorar na ga yana tsiyayar kumfa. Farin tef na masu gyaran famfo ya magance shi. Sannan idan asid ya kusa ƙarewa, ragowar kan zube gaba ɗaya, allura ta yi sama. Akwai bawul na kariya da ke sakin iska in ta yi yawa, amma ni da na ga asid ya yi ƙasa nake sake haɗi.

Kada a yi wannan harka ba tare da ɗan gilashin gwaji da ake maƙalawa cikin tanki ba. Ruwan cikinsa shuɗi ne in kabon ya yi kaɗan, kore in ya yi daidai, rawaya in ya wuce kima. Sai dai yana jinkirin awa ɗaya zuwa biyu kafin ya sauya, don haka idona ya fi zama kan kifin. Haka kuma a sa bawul mai hana ruwa komawa baya a jikin tiyo.

Na gwada ruwan nan na kwalba da ake kira kabon na ruwa, Flourish Excel na kamfanin Seachem. Ya taimaka mini wajen kashe baƙar gansakuka, amma ba ya maye gurbin iskar, kuma tsiron da ake kira Vallisneria ba ya shiri da shi.

Wanda Anubias da Java fern kawai ya dasa, ya bar kuɗinsa, ba sa buƙata. Mai tankin da ya haura lita 100 kuma gara ya yi haƙuri ya tara na tukunyar gas, don goruna biyu ba za su riƙe shi ba. Amma mai ƙaramin tanki irin nawa, wannan ya ishe shi. Takashi Amano ma, Bajapanen da ya shahara a tsara tsirran cikin ruwa, wanda ya rasu a 2015, da ruwan soda na kwalba ya fara gwajinsa. Monte Carlo ɗina yanzu ya rufe kashi biyu cikin uku na ƙasan tankin, duk mako biyu sai na sa almakashi na rage shi, kuma tun daga wancan daren ban sake rasa kifi ko ɗaya ba.