Darasin yamma na kwamitin makarantarmu, bayan wata huɗu

Ni tela ne a Tudun Wadan Zariya, 'yata tana aji huɗu a firamaren gwamnati ta unguwarmu. Wata rana na miƙa mata littafin awo na ce ta karanto mini sunan mai wata riga, ta yi shiru tana kallona. Aji huɗu fa! Shi ya sa na kai ta darasin da kwamitin SBMC na makarantar, wato kwamitin iyaye da malamai da mutanen unguwa mai kula da ita, ya buɗe.

Abin da ya fara burge ni lokacin da suka zaɓa: yammacin Alhamis da Juma'a, ranakun da babu Islamiyya. Naira 500 ne a wata, maraya kyauta. Masu koyarwar malamai biyu ne da suka yi ritaya, sai samarin unguwa uku masu takardar shaidar koyarwa ta NCE da ba su samu aiki ba.

Ba sa tambayar ajin yaro. Gwada shi suke yi, su zaunar da shi tare da sa'o'insa a karatu. 'Yata ta koma ba, be, bi, bo, bu tare da 'yan aji biyu, ta dawo gida tana kuka. Na je na ce, "Malam, wannan ba ci baya ba ne?" Dattijon ya ce, "Alhaji, ka ba ni wata biyu." (Ban je Makka ba, amma ban gyara masa ba.) Yanzu ita ke karanta mini saƙon WhatsApp idan ina kan keken ɗinki.

Mu 'yan jihar Kaduna ba mu manta da 2017 ba, da aka sallami malamai sama da 21,000 bayan jarrabawar gwaji. An ɗauki sababbi, amma ban ga canji a ajin 'yata ba sai da iyaye mata na kwamitin suka fara leƙa makaranta da safe suna duba wanda ya zo da wanda bai zo ba.

Ƙorafina biyu ne. Ba a ba da rasit, kuma kuɗin jama'a ba ya son haka. Na faɗa a taro, ma'aji ya ɓata rai. Sannan lissafi ana yi masa riƙon sakainar kashi, rabin awa kawai ranar Juma'a. Ƙaninta zan kai bayan Sallah, amma sai na ga littafin rasit a teburin ma'aji.