Bes na fiyano, na ɗan gari ko na Duwala: wanne za ka sa a waƙarka?

Waƙa ta kusa kammala. An ɗora murya, kalangu ya zauna, 'yan amshi sun shiga, saura bes, wato kiɗan nan mai kauri da ke tafiya a ƙasan waƙa. A nan ne mawaƙanmu da yawa na Garwa, Marwa da Ngaundare kan ce wa furodusa ya danna shi a fiyano kawai a wuce wurin. Wani lokaci hakan daidai ne. Amma hanyoyi uku ne a gabanka: bes na fiyano, makaɗin jitar bes na cikin gari wanda zai zo situdiyo da ƙafarsa, ko ƙwararre daga Duwala ko Yawunde da za ka tura wa waƙar ta intanet ya ɗora ya dawo maka da ita. Kowace da kuɗinta, kowace kuma da inda take ba da kunya.

Ka fara sanin abin da za ka biya kuɗi a kansa. Bes shi ne ke ɗaure gangar ƙafa da akor ɗin waƙa (notocin da ake bugawa tare) wuri guda. Bugun nota a kan lokaci kowa na iya koya. Abin da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne inda yake tsayar da notar. Idan ya bar ta ta yi tsawo har ta hau kan bugun ganga na gaba, ƙasan waƙa ya cakuɗe, kiɗan ya yi nauyi kamar jakin da aka yi wa lodi fiye da ƙima. Idan ya yanke ta da wuri, waƙar ta rame. Ɗan shirun da ke tsakanin nota da nota shi ke sa mai sauraro ya kaɗa kai, kuma da yatsun hannu biyu ake yin shi, na hagu yana sassauta tsirkiya, na dama yana dafe ta. Wanda ya mallaki wannan shirun shi kake nema.

Bes na fiyano ba shi da tsada, domin yana cikin kuɗin da ka riga ka biya furodusa. Ba ya sauka daga kan sauti, ana gyara kowace nota a kwamfuta, yana kuma iya gangarawa ƙasa sosai. Waƙar biki mai sauri wadda aka gina kacokan a kan kiɗan na'ura, ko wadda za a sake a goge bayan sati biyu, ba ta buƙatar fiye da wannan. Rauninsa yana fitowa a waƙa mai sanyi, ta bege ko ta soyayya, inda kiɗa ba shi da yawa. Nan kunne ke gane cewa duk notocin ƙarfinsu ɗaya, tsawonsu ɗaya, babu numfashi. Akwai wata matsala kuma: bes na na'ura mai santsi sosai yakan cika manyan lasifikun biki amma ya ɓace ɓat a wayar hannu, wadda a kanta yawancin mutanenka za su saurare ka.

Ɗan gari, galibi daga ƙungiyar mawaƙan coci yake, ko daga masu kiɗan bukukuwa da wuraren shaƙatawa. Babbar ribarsa ita ce yana zaune kusa da kai. Za ka rera masa, ka ce nan ka rage, nan ka ja, ya gyara nan take. Kunnensa ya saba da kiɗan arewa, ya san inda kalangu ke magana. Amma dandali daban, situdiyo daban. A dandali hayaniya tana rufe kurakurai da yawa: ƙarar yatsa a kan tsirkiya, wata tsirkiyar da ke gurnani ita kaɗai ba a taɓa ta ba, saurin da ke ƙaruwa idan an zo amshi. Makirufo da kwamfuta ba sa rufa wa kowa asiri. Saboda haka kada ka ɗauki mutum don ka ga ya burge a biki. Ka gwada shi tukuna.

Gwajin ba ya cin rabin awa. A kunna kilik, wato ƙas-ƙas ɗin kwamfuta mai riƙe lokaci, a hankali, kamar bugu 70 a minti, a ba shi akor biyu kacal ya riƙe na minti biyu ba tare da ado ba. Sannu ta fi sauri tona asiri: wanda bai zauna ba zai fara riga kilik ɗin kafin a yi nisa. Sai a kashe komai a saurari bes ɗin shi kaɗai. Ana neman abu uku: notocin su yi daidai da juna a ƙarfi, babu gurnanin tsirkiyar da ba a buga ba, kuma kowace nota ta ƙare a wuri ɗaya a kowane zagaye. Bayan haka a kunna masa waƙarka sau biyu, a ga ko ya kama akor ɗin da kunne, ko ya ɗauki takarda ya rubuta tsarin baiti da amshi. Mai rubutawa yana rage maka awannin situdiyo. Gwaji na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci a wurinmu: bayan ya buga abin da ya ga dama, ka ce masa ya cire rabin notocin. Ka dubi fuskarsa, ka kuma saurari abin da ya rage. Gwani zai cire ba tare da musu ba, kuma sau da yawa kiɗan zai fi daɗi. Wanda ya ɓata rai ya zo ne ya nuna kansa, waƙarka ce za ta biya.

Wannan gwajin ya fi nauyi a waƙar Hausa saboda yanayin harshen. Kalmominmu suna da hawa da sauka da tsawon wasali, baitocinmu kuma cike suke da magana. Ga kalangu shi ma yana tasa maganar. Idan bes ya shigo da surutu a tsakiyar baiti, bakuna uku ke nan a lokaci guda, mai sauraro ya rasa wanda zai bi. Wurin adon bes shi ne ƙarshen layi, lokacin da mawaƙi ke jan numfashi, ko tsakanin amshi da sabon baiti.

Hanya ta uku tana da jan hankali, kuma da dalili. Kamaru ƙasar masu bes ce da duniya ta sani. Richard Bona da Étienne Mbappé duk sun yi aiki da manyan makaɗan duniya irin su Joe Zawinul, Armand Sabal-Lecco ya yi da Paul Simon, Guy Nsangué da Jean-Luc Ponty, kafin su kuma akwai irin su Jean Dikoto Mandengue da Vicky Edimo. Matasan Duwala da Yawunde a wannan inuwar suka tashi, hannunsu da tsabta, kayansu kuma galibi sun fi na nan. Sai dai makosa da bikutsi, waɗanda suka saba da su a kudu, kiɗa ne da bes ke gaba-gaba, yana yawo yana cika ko'ina. Wanda bai jin Hausa ba zai san inda maganarka ta yi nauyi ba, zai iya zuba ado a kan kalmar da ka fi so a ji. Maganin wannan shi ne ka tura masa waƙar da muryarka a ciki, ka rubuta masa minti da daƙiƙar wuraren da kake so ya yi shiru, sannan ka nemi ɗauka biyu: ɗaya a sauƙaƙe, ɗaya da ado. Injiniyanka zai haɗa su.

Aikin nesa yana lalacewa ne a ƙananan abubuwa. Ka faɗa masa saurin waƙar da lamba, da maɓallin (notar da aka gina waƙar a kanta) da take kai na gaskiya, musamman idan furodusa ya ɗaga ko ya sauke fiyano da madannin canza murya. Ya dawo maka da fayil na WAV mai bit 24, a kan ma'aunin da aikinka yake, 44.1 ko 48 kHz, wanda ya fara tun daga farkon waƙar ko da bes bai shigo ba sai tsakiya, don ya faɗa wurinsa ba tare da lalube ba. Idan ta WhatsApp ne, a turo shi a matsayin takarda, kada a mayar da shi saƙon murya ko MP3, domin matsewar tana cinye ingancin. Ku yi magana kan sau nawa zai gyara kyauta kafin ka tura kuɗi ta Orange Money ko MTN, rabi a gaba, rabi bayan ka ji.

Ko ɗan gari ko na nesa, ka tambayi irin jitar da zai buga. Samfurin Precision, wanda kamfanin Fender ya fitar a 1951, sautinsa mai kauri ne a tsakiya, yana zama cikin kiɗa ba tare da wahalar da injiniya ba, kuma fikof ɗinsa (abin da ke ɗauko sautin tsirkiya) mai rabe biyu yana kashe gunjin lantarki. Da irinsa shahararren mai bes James Jamerson ya yi aikin kamfanin faifai na Motown a Amurka, da tsirkiya mai santsi da ba ya yawan canzawa, da yatsa ɗaya a mafi yawan lokaci. Samfurin Jazz na 1960 ya fi haske da kaifi, amma idan aka rage ɗaya daga fikof biyunsa sai gunji ya taso, abin da ke ƙaruwa a ɗakin da wayoyinsa ba su da layin ƙasa ko ake aiki da janareta. Masu batir, irin StingRay na 1976, suna da ƙarfi da tsabta, sai dai batirin volt 9 idan ya yi rauni sauti ya fara kakkaryewa, don haka a zo da sabo a aljihu. Jita mai tsirkiya huɗu tana tsayawa a notar Mi, kusan 41 Hz (ma'aunin sauti ne: ƙaramar lamba, sauti mai kauri). Ta biyar tana sauka zuwa Si, kusan 31 Hz. Idan waƙarka a kan Mi bemol ko Re take, kamar yadda yakan faru da waƙoƙin da aka tsara a fiyano, mai tsirkiya biyar zai ba ka ƙasan da mai huɗu sai ya hau sama ko ya sassauta tsirkiya kafin ya samu.

Yanayinmu ma yana da hannu a ciki. Bushewar hunturu tana tsuke katakon wuya, bakin ƙarafan firet, waɗanda ke jere a wuyan jitar, su leƙo suna kartar hannu, tsirkiya ko ta kwanta tana zizara ko ta yi nisa. Jitar da aka saita a damshin Duwala ba za ta zauna haka a Marwa ba. A danne tsirkiyar Mi a firet na farko da na ƙarshe, tazarar da ke tsakiya, wajen firet na 8, ta kasance kusan milimita 0.3. Idan za a juya ƙarfen cikin wuya, kwata-kwatan juyi ake yi, a bari ya huta kafin a ƙara. A kuma duba da na'urar saita sauti cewa notar firet na 12 ta yi daidai da ta tsirkiya a sake. In ba ta yi ba, duk abin da ya buga a saman wuya zai saɓa da fiyano, kuma gyaran wannan a kwamfuta wahala ce.

Ranar ɗauka, a shigar da jitar ta akwatin DI, mai daidaita sautinta da na'urar ɗauka, ko ta ƙofar katin sauti mai alamar Hi-Z. Shigar da bes marar batir ta ƙofar layi kai tsaye yana dusashe shi. Kololuwar sauti ta tsaya wajen -10 zuwa -6 dB, kada ta taɓa ja. Idan makaɗi ya ce yana jin kansa a makare, a rage bafa, saitin da ke sa kwamfuta jinkirta sauti, zuwa 128 ko ƙasa, ko a kunna sauraron kai tsaye na katin, in ba haka ba za a zarge shi da jan ƙafa alhali laifin kwamfuta ne.

Maganar suna a gama ta tun kafin a kunna na'ura. Jamerson ya yi shekaru yana buga wa Motown, sunansa bai fara fitowa a bayan faifai ba sai 1971. Rubuta sunan mai bes a ƙarƙashin bidiyonka ba ya cin ko sefa ɗaya, kuma shi ne ke kawo masa aiki na gaba. Kafin ka biya ragowar kuɗin, ka saurari waƙar a wuri uku: lasifikar situdiyo, babbar lasifikar mai DJ na unguwa, da wayarka. Wayar ba za ta fitar da 41 Hz ba, amma idan hannun makaɗin yana da cizo, za ka ji layin bes ɗin yana tafiya ƙarƙashin muryarka. Idan bai fito ba, a ce wa injiniya ya ɗan ɗaga wajen 700 zuwa 1000 Hz, a sake saurara.