Wane ma'auni ya kamata ka zaɓa don auna ƙyamar da ake yi wa wata al'umma?

Kafin ka kashe kuɗin bincike, tantance abin da kake nema: abin da mutane ke faɗa da baki, ko abin da suke aikatawa. Ma'auni ɗaya ba ya kamo duka biyun.

Mafi arha shi ne ma'aunin tazara na Emory Bogardus, na shekarar 1925. Matakai 7 gare shi: za ka yarda ɗan ƙabila kaza ya zama surukinka, amininka, maƙwabcinka, abokin aikinka, ɗan ƙasarku, baƙo mai ziyara kawai, ko kuwa a hana shi shigowa ƙasar? Takarda da biro sun wadatar, kuma ko wanda bai yi boko ba zai amsa in an karanta masa. Cikas ɗinsa kunya ce. Mutum ba zai dubi idon mai tambaya ya ce ba ya son ƙabilarsa ba, don haka ka rubuta ƙabila da addinin kowane mai tambaya, ka duba ko amsoshi na sauyawa da su. Afrobarometer, cibiyar binciken ra'ayin jama'a a Afirka da ke bincike a Najeriya da Nijar, na yin tambayar maƙwabtaka mai kama da wannan. Ga ɗalibi mai ƙaramin kasafi, ma'aunin Bogardus muka fi ba da shawara.

Ma'aunin zafi da sanyi, inda mutum ke ba kowace al'umma maki daga 0 (ƙyama) zuwa 100 (ƙauna), binciken zaɓen Amurka ke amfani da shi tun 1964. Da yawa kan laɓe a 50. Ka cire makin da mutum ya ba wasu daga wanda ya ba jama'arsa, ratar ita ce abin dubawa.

Idan batun na da nauyin faɗa, gwada dabarar jeri. Raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Gida ɗaya a karanta musu abubuwa 3 masu ɓata rai, ɗayan a ƙara na 4, misali baƙon ƙabila ya tare kusa da gidansu. Tambayar da ake yi wa kowa ita ce: nawa ne suka dame ka, ba waɗanne ba? Bambancin matsakaicin amsoshi ne ke nuna ƙyamar. Dabarar na buƙatar masu amsa da yawa, kuma wanda duka huɗun suka dama asirinsa ya tonu, sai ya rage.

Gwajin kwamfuta na IAT, wanda Anthony Greenwald da abokansa suka fitar a 1998, saurin danna maɓalli yake aunawa yayin da mutum ke haɗa wata al'umma da kalmomi masu kyau ko marasa kyau. Sakamakon mutum ɗaya kan sauya daga zama zuwa zama, kada a yanke wa kowa hukunci da shi.

Mai son auna abin da mutane ke aikatawa ya aika takardun neman aiki iri ɗaya, suna kawai ya bambanta. A 2004 Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan suka wallafa sakamakon takardu kusan 5,000 da suka aika a Boston da Chicago: sunayen Turawa sun fi na baƙar fata samun kira da kashi 50 cikin ɗari. Sai ka nemi izinin kwamitin ɗa'a tukuna. Inda kuma ake ɗaukar ma'aikata ta sanayya, takardar ba ta kaiwa teburin mai yanke shawara.