Faifan Erotikon: dariyar da ba ta da ƙara

Wani abokina ne ya kawo mini faifan DVD ɗin nan tsaraba, kuma ya yi wata biyu a kan kanta ban taɓa shi ba. Sunan fim ɗin, Erotikon, ne ya sa na yi ɗari-ɗari, don ya yi kama da na fim ɗin batsa. Ashe banza na tsorata, babu abin da zai sa mutum ya kau da kai.

Fim ne na Mauritz Stiller, wanda aka haifa a Helsinki a 1883, ya yi aikinsa a Suwidin, ya fitar da wannan a 1920. Babu magana, sai rubutu jefi-jefi. Labarin wani farfesa ne masanin ƙwari da ke tsaye yana karantar da ɗalibai yadda ƙwari ke zaman aure, alhali nasa auren na lalacewa a gida bai sani ba. Matarsa, wadda Tora Teje ta fito a matsayinta, tana da masu zawarci har biyu. Nan na fara dariya.

Na saba da barkwancin zamanin da irin na Chali Chaplin, a faɗi, a tashi, a bi juna da gudu. Stiller ba haka yake ba. Harara ce, da satar kallo, da shirun da ke biyo bayan an yi suɓutar baki. Idan ka duba waya na minti ɗaya, abin dariyar ya wuce ka. Sau uku ina mayar da faifan baya. Daga baya na gane dalilin da ya sa ake danganta salon daraktan nan Bajamushe Ernst Lubitsch da shi, kuma na ji ƙamshinsa a fim ɗin barkwancin da daraktan Suwidin Ingmar Bergman ya yi a 1955.

Hoton ya fito tas, in ka yi la'akari da shekarunsa sun haura 100. Inda na ga kasawa shi ne rubutun fassarar, ƙanana ne, ga saurin wucewa. Rawar da aka ɗauka a gidan opera (wasan kwaikwayo na waƙa) na Stockholm kuwa ta yi mini tsawo, har na tashi na haɗa shayi.

Abin takaici, yawanci ana tuna Stiller ne kawai da cewa shi ya fito da shahararriyar 'yar fim Greta Garbo, ya tafi da ita Hollywood a 1925. Can bai ji daɗi ba, ya dawo ya rasu a Stockholm a 1928. Yanzu ina neman fina-finansa biyu na Thomas Graal, na 1917 da 1918, inda ɗan fim ɗin Suwidin Victor Sjöström ya fito jarumi. Abokin nawa ya ce zai duba mini.