Kubwa, Lugbe ko Mararaba, sannan haya ko saye?

Malam, na ga tambayarka. An yi maka canjin wurin aiki daga Kano zuwa Abuja, ofishinku yana kusa da Sakatariyar Tarayya, kana da iyali da yara 'yan makaranta, kuma kuɗin filin da ka sayar a Kano suna hannu. An ambata maka Kubwa da Lugbe da Mararaba, kana son sanin wacce ta fi, sannan ko ka kama haya ko ka zuba kuɗin a fili. Allah ya sanya alheri a sabon wurin. Ga yadda nake ganin lamarin.

Kowace daga cikin unguwannin nan uku titi ɗaya ne yake haɗa ta da cikin gari, don haka ka fara duba titin kafin ka duba gidan.

Mararaba ta fi sauran arahar haya, nesa ba kusa ba. Ba a cikin Abuja take ba ma, tana ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa, ita da Ado da Masaka. A ido kusa take: ka wuce Nyanya, ka haura Kugbo, ka faɗa mahaɗar AYA a Asokoro, ga Sakatariya nan. Ranar Lahadi da safe kafin ka gama sauraren labarai a rediyo ka isa. To amma ranar Litinin duk mutanen Masaka da Ado da Karu da Jikwoyi da Nyanya a kan wannan titin na Keffi suke haɗuwa. Ma'aikata da yawa ana sallame Asuba suke kama hanya, da yamma kuma a sake wani zaman a cikin mota har bayan Isha'i. Yaranka sai su yi kwanaki ba su gan ka ido biyu ba. Ba zan ɓoye alherinta ba: cefane da sauƙi, musamman a kasuwar Orange, Hausawa da yawa, masallatai da Islamiyya ko'ina, maiɗakinka ba za ta yi kewar gida sosai ba. Sai dai lunguna da dama babu kwalta babu magudanar ruwa, kuma gidaje da yawa da 'yan ga-ruwa suka dogara.

Lugbe tana kan hanyar filin jirgi, titin Umaru Musa 'Yar'adua. Ga mai aiki a Sakatariya ita ce ta fi saurin isa, domin da ka wuce Ƙofar Gari da babban filin wasa ka shiga tsakiyar birni. In ka cire tsohon rukunin gidajen hukumar gidaje ta tarayya, FHA, yawancinta sababbin rukunin gidaje ne masu get da masu gadi. Gidajen suna da kyan gani, amma ka tambayi abu uku. Na farko kuɗin hidima na shekara, na gadi da shara da gyaran burtsatse, wanda ba ya cikin kuɗin haya. Na biyu hanyar da ta tashi daga babban titi zuwa get ɗin, domin wasu da damina sai mota mai tsayi. Na uku kwari: a damunar 2023 ruwa ya mamaye gidaje da dama a wani rukuni a Lugbe, kuma ba shi ne karon farko ba. Lugbe ta mai mota ce. In ba ka da ita, kai da uwargida da yara kowa sai ya biya ɗan acaɓa kafin ya kai bakin titi, safe da yamma, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan ƙaramin kuɗin ya daina zama ƙarami.

Kubwa ta fi Lugbe nisa, amma titin Murtala Muhammad mai faɗi ne, cunkosonsa yawanci a wajen mahaɗar Dutse da Gwarinpa yake taruwa, kuma yana tafiya, ba irin na Nyanya ba. Abin da ya sa nake fifita ta shi ne gari ce da ta riga ta zauna. Akwai babban asibitin gwamnati, akwai kasuwa, akwai makarantun boko da na Islamiyya na kowane aljihu, kuma sassa da dama suna samun ruwan famfo daga madatsar Usuma da ke wajen Ushafa. Ga kuma abin da mutumin Kano zai fi kowa jin daɗinsa: tana bakin hanyar gida. Daga Kubwa sai Dei-Dei, sai Zuba, ka hau titin Kaduna ba tare da ka shiga cikin gari ba, alhali mutumin Mararaba sai ya ratsa Abuja gaba ɗaya kafin ya fara tafiyar. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, wanda ya fara aiki a 2016, yana da tasha a Kubwa. Gargaɗi ɗaya: a ƙarshen 2023 da farkon 2024 masu garkuwa da mutane sun addabi gefe-gefen yankin Bwari. Ka nemi gida a tsakiyar jama'a, kada arha ta kai ka gidan ƙarshe a gindin dutse.

Don haka in ni ne kai, da iyali irin naka, Kubwa. In kana da mota mai lafiya kuma aikin naku na tashi da dare ne, Lugbe ba laifi. Mararaba sai in aljihu ne ya tilasta.

Yanzu maganar haya da saye, wadda ta fi nauyi.

Hayar Abuja tana da ciwo, ban musa ba. Kuɗin shekara ake biya gaba ɗaya, wani mai gidan ma ya ce sai na shekara biyu. Dillali yakan ɗauki kashi 10 cikin ɗari, a ce kuma ga na lauya, sau da yawa shi ma kashi 10, sannan kuɗin ajiya saboda ɓarna, wanda karɓo shi ranar tashi sai an yi da gaske. Misali a ce hayar naira miliyan 2 ce, kafin a miƙa maka makulli ka haura miliyan 2 da dubu 400. Shekara na zagayowa kuma mai gida ya aiko da takardar ƙari. Wannan ne yake sa mutanenmu su ce gara in sayi nawa in huta.

Sai dai fili a Abuja ba kamar na Kano ba ne. A gida ka saba a yi ciniki gaban mai unguwa ko dagaci da shaidu, a rubuta takarda, daga baya ka bi sawun ta gwamnati. A Babban Birnin Tarayya ƙasa duka ta gwamnatin tarayya ce, minista ne kaɗai yake ba da ita, takardar shaidar mallakar da ake kira C of O kuma ta shekara 99 ce. Takardar da sarkin ƙauye ya sa wa hannu ba ta hana rusau. Ta ƙaramar hukuma ma, irin wadda ta cika hannun dillalai a gefen Kubwa da Lugbe, sai an kai ta AGIS, ofishin rajistar filaye na Abuja, an tantance kafin ta zama abin dogaro. Waɗanda suka zauna Abuja zamanin da Malam Nasiru el-Rufa'i yake minista, daga 2003 zuwa 2007, sun ga gidajen da aka kashe wa dukiya sun koma ƙasa, kuma tun zuwan minista Nyesom Wike a 2023 katafila ba ta huta ba. A 2025 ma an soke dubban takardun filaye a manyan unguwanni saboda rashin biyan harajin ƙasa na shekara-shekara. Fulotan da kamfanoni suke tallatawa a rukunin gidaje kuwa, takardar asali ɗaya ce a hannun kamfanin, kai wasiƙar rabo kawai za a ba ka. In tasu ta samu matsala, taka ta bi ta.

A ɓangaren Nasarawa abin ya fi kama da wanda ka sani. Dokar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, ana saye daga masu gona a bi ta NAGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar, a nemi takarda, farashin kuma ya fi sauƙi. Ka ga inda gizo yake saƙar: inda kuɗinka zai sayi fili cikin sauƙi, nan ne zuwa aiki ya fi wahala, inda zama ya fi daɗi kuma fili mai takarda sahihiya ya yi tsada. Wanda ya yi gaggawar saye a watan farko yakan tsinci kansa a can bayan Masaka, ya ɗaure kansa da titin da zai riƙa kuka da shi kullum.

Ka kuma yi lissafin gini. Kuɗin fuloti ɗaya na Kano da wuya ya wuce sayen fili da katanga da harsashi a nan. Daga nan kana biyan haya, kana sayen siminti, ga kuɗin makaranta, duk a albashi ɗaya. Kuma wanda aka yi wa canji sau ɗaya ana iya sake yi masa.

Shawarata ka kama hayar shekara ɗaya a Kubwa, ka ga damina ɗaya da idonka, ka san inda ruwa yake kwanciya da inda unguwa take dosa. Kuɗin kuma kada su daɗe a kwance, darajar naira ba ta jiran kowa, shekarar nan ta neman fili ce ba ta barci ba. In ma'aikacin gwamnati ne kai, ana cire maka kashi 2.5 na albashi zuwa asusun gidaje na ƙasa, NHF, wanda bankin rancen gidaje na tarayya, FMBN, yake ba da rance daga ciki a kan ruwa kashi 6, a biya har tsawon shekara 30. In maganar ruwa ta tsaya maka a rai, ka je bankin Musulunci na Jaiz ko TAJ ka ji tsarinsu na ijara, wanda babu ruwa a ciki. Dukansu ba sa karɓar gida sai mai takarda ingantacciya, don haka takardar da banki ya ƙi, kai ma ka ƙi ta. Duk filin da ya kwanta maka, ka ɗauki lauyanka na kanka, ba wanda dillali ya kawo ba, ya yi bincike a AGIS kafin ko sisi ya fita.

Gidan hayar ma kada ka biya daga Kano saboda hoton da aka turo maka a WhatsApp. Ka zo ka kwana, ranar aiki ka tashi daga ƙofar gidan da ƙarfe 6:30 ka ga lokacin da za ka isa ofis. Ka duba jikin katanga ko akwai alamar inda ruwa ya taɓa kaiwa. Ka tambayi mai shagon layin, ba dillali ba, awa nawa ake samun wuta da ruwa. Ka tabbatar mitar ta kati ce kuma babu tsohon bashin kamfanin wuta na AEDC a kanta. Kuɗin kuma a asusun mai gidan za ka saka, bayan kun haɗu ido da ido an sa hannu a yarjejeniya.