Fitilar UV ko ta LED: wacce ta fi wa mai gel a Garwa?

'Yar uwa, kin ce za ki fara yi wa amare jan farce na gel a gida, kina tambaya wace fitila za ki saya, tsohuwar UV mai dogayen ƙwai ko ta LED.

Aikinsu ɗaya ne. Gel ba ya bushewa da iska, hasken UVA da fitilar ke fitarwa, irin wanda ke cikin hasken rana, shi ne ke daskarar da shi, shi ya sa yake kai mako 2 zuwa 3 bai ɓare ba. Tsohuwar fitila mai wat 36 da ƙwai huɗu tana cin minti 2 a kowane shafi, LED kuwa daƙiƙa 30 zuwa 60. Ki lissafa shafin ƙasa, launi sau biyu, da na sama, ga ƙawayen amarya sun jeru a tabarma suna jira.

Ta UV ta fi araha, kuma kusan kowane gel tana daskarar da shi. Aibinta, ƙwan yana rage ƙarfi alhali yana ci gaba da haske, ba za ki gane ba sai aiki ya fara lalacewa. LED takan yi shekaru ba a canja mata komai, sai dai akwai gel ɗin da ba ya jin haskenta.

Ni dai shawarata, ki nemi wadda aka rubuta UV/LED a jikinta, mai batir da ake caji. Kin san halin wuta a nan, musamman lokacin zafi. In aka ɗauke ana tsakiyar aiki, saman gel zai yi tauri, cikinsa na nan danye. Ki danna da ɗan tsinke ki ga ya lotsa, ko ya tattare a gefe. Wannan ne abin da ya fi damuna. Danyen gel da ke taɓa fata yana jawo ƙaiƙayi da kumburi a bakin farce, kuma in jiki ya ƙi sinadarin, da wuya ya sake karɓarsa. Don Allah ki riƙa shafawa siriri, ki goge wanda ya hau fata kafin hannu ya shiga fitila, ki cika lokacin da aka rubuta a kwalba.

Kwalaben ma ki nisanta su da taga, ranar Garwa tana daskarar da gel tun a bakin burushi.

Kuma ki gaya wa kowace amarya tun farko: gel yana hana ruwan alwala taɓa farce, ba kamar lalle ba, cire shi kuma sai an jiƙa da asiton, ruwan cire jan farce, minti 10 zuwa 15.